Wayar da ta yi magana a zaure

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safiyar Talata abin ya lalace. Na san lokacin daidai, domin littafina yana hannuna, kuma na riga na rubuta sa'ar a saman shafi kamar yadda nake yi kafin kowane gwaji. Ina durƙushe a bakin ƙofar zauren gidan Goggona a Zurmi, wayar gidan tana hannun mijinta, sai wayar ta buɗe baki.

Tun da na dawo Ƙaura 'yan ɗakinmu ba su bar ni na huta ba. "Ke Asma'u, wai da gaske ke kika tsaya a tsakiyar kasuwar Shinkafi kina yi wa ƙato tsawa?" Ban yi wa kowa tsawa ba. Amma kun san ni, in na fara bayani da baki rabinsa a maƙogwaro yake tsayawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta. Tun yanzu kuma in gaya muku, akwai abu guda da ba za ku samu a cikin takardar nan ba. Kada ku wahalar da kanku da tambayata.

Aikin kammala karatuna ne ya fitar da ni. Malamin da ke duba aikin ya ce in zaɓi manhaja ɗaya in gwada ta a wajen gari, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Na zaɓi wata sabuwar burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, mai suna Tsani. Ana yabonta da cewa ba ta cin data, tana buɗe shafi ko da sandar sabis ɗaya ce, kuma tana jin Hausa: ka yi mata magana da baki, ta nemo amsa, ta karanto maka da muryar mace. Na ja layuka a littafina, na ware gurbin sa'a, gurbin wuri, gurbin daƙiƙun da shafi ya ɗauka kafin ya buɗe. Na zaɓi Zurmi domin can ƙanwar mahaifina take aure, Goggo Hajara, ina da wurin sauka.

Ranar Litinin na isa tasha tun ƙarfe bakwai, ba mu tashi ba sai tara ta wuce. Ba don mota ba ta cika ba. Direbobi ba sa son zama na farko a kan hanyar, sai an ga motar da ta fito daga can ta iso, an tambayi direbanta. Da ta iso aka ce hanya lafiya lau, motoci uku muka tashi a jere.

An matse mu mu huɗu a baya. Kusa da ni wani dattijo ne mai fataucin hatsi, ya ga ina ta danna waya ina rubutu.

"Ɗiyata, wagga waya taki bashi ta ci ne kike ta rubuta mata laihi?"

Na ce gwaji nake yi, na nuna masa yadda ake yi mata magana. Ya karɓa da yatsu biyu kamar an miƙa masa garwashi, ya kai bakinsa daf da ita ya ce, "Ke! Ana ruwa Gusau yau?" Ta amsa masa cewa akwai hadari da yamma. Motar ta kaure da dariya. Direba ya ce a tambaye ta yaushe zai ƙara aure, dattijon ya ce, "Wannan ko ni na sani, sai ka gyara ƙohwar motarka." A wurin sandar sabis ɗaya ce tak, shafin ya buɗe cikin daƙiƙa shida. Na rubuta. Na kuma rubuta cewa ta gane Hausarmu ta nan ba tare da mutum ya murɗe harshensa ya koma Bakano ba. Har yau ban janye wannan yabon ba. Ban taɓa ganin manhajar da ta saurari tsohon da bai yi boko ba kamar yadda wannan ta yi.

Goggo ta tarbe ni da hoce mai zafi, gurasar dawan nan tamu, da ƙuli da ruwan randa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce karatu ya tsotse ni. Ita mace ce mai yawan raha, amma a wannan zuwan na lura dariyarta ba ta daɗewa.

Dole in yi muku bayanin wayar gidan, don in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Mu a makaranta kowa da wayarta, kowa da lambar sirrinta, in ƙawarki ta leƙa allonki sai ki kife shi. A gidan Goggo babbar waya ɗaya ce, ɗansu da ke aiki a kudu ya aiko da ita. Da safe tana aljihun mijinta, Baba Isiya. Bayan azahar, in ya kwanta hutawa, ta shigo cikin gida, mata su saurari wa'azi ko su aika saƙon murya ga 'yan'uwa. Da la'asar a kai ta shagon caji. Maƙwabta biyu ma da lambar ake kiransu. Ba ta da lambar sirri, kuma in ka sa mata an ɗauka ka zagi gidan. Ban ga aibin wannan ba. Haka ake yi da turmi da tsani da keken ɗinki.

A wannan wayar na sauke Tsani, da izinin Baba Isiya. Ta nemi lambar waya, na sa ta gidan. Ta fito da dogon rubutu na Turanci ta ce in amince, na amince. Ni da nake auna daƙiƙa, ni da ba na miƙa jarrabawa sai na karanta sau uku, ban karanta wannan rubutun ba. Ina ɗokin in ga shafi ya buɗe.

Bayan azahar na nuna wa matan gidan. Aka tambayi yadda ake cire tabon manja, aka tambayi sunayen yara masu ma'ana, aka yi ta shewa. Da kowa ta watse Goggo ta kira ni ɗakinta ta saki labule.

"Ma'u, duk abin da anka tambaye ta tana sani?"

"Mafi yawa, Goggo."

"Ba ta hwaɗa ma kowa?"

"Babu wanda zai ji. Ke da ita ne kawai."

Haka na ce mata, kai tsaye, ba tare da na duba ba. Ta ce in je in duba mata tukunya. Babu komai a kan wuta. Na fita na zauna a gindin dalbejiya na kusan rabin sa'a. Da ta fito ta miƙo mini wayar, fuskarta ta saki kamar wadda ta sauke tulu. Ta ce, "Allah shi yi maki albarka. Ashe abin yana da suna, kuma ana maganinshi."

Washegari, Talata, surukinta ya zo gaisuwa. Malam Bala, mijin babbar 'yarta, tare da yayansa. Kun san yadda abin yake. Shekara tara da auren, Goggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ta bayan katanga suke gaisawa. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, Goggo ta dama fura ta aika. Baba Isiya yana son ya nuna sabon abin da ya shigo gidansa, ya aika a kira ni in tsaya kusa ko zai ɓata. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su, na rubuta sa'a.

Ya ce, "Bari ku ji, yanzu za ta hwaɗa muna ko ana ruwa satin ga." Ya danna.

Bai kai ga tambaya ba. Muryar macen nan ta cika zauren, a sake, da fara'a: "Barka da dawowa. Jiya an tambaya..." Ta maimaita tambayar Goggo daga farko har ƙarshe, da kalmomin Goggo, yadda mace ke faɗin larurar jikinta in ta tabbata babu mai ji. Sannan ta ce ga wasu magunguna da za a iya saye.

Na yi tsalle na fizge wayar daga hannun dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na danna ko'ina. Kafin ta yi shiru ta gama.

Baba Isiya ya yi gyaran murya ya ce takin bana ya yi tsada. Yayan Malam Bala ya ce ƙwarai kuwa. Malam Bala ya kafa wa takalmansa ido. Ba a yi minti biyar ba suka ce rana ta yi, suka tashi, furar ko buɗe ta ba a yi ba. Katangar da ke tsakanin zauren da tsakar gida ba ta kai tsayin mutum da hannu a sama ba. Da na shiga, muciya tana ƙasa, labulen ɗakin Goggo a sake.

Abin da ta tambaya shi ne abin da na ce ba za ku samu ba.

Na zauna da wayar har la'asar. A nan na gano abin da Tsani ba ta da shi. Babu inda ake goge tambayoyin da aka yi. Babu shafin sirri irin na sauran burauzoji, wanda in ka rufe ya manta. Babu yadda mutum biyu za su raba, kowa da gefensa. Wurin kashe muryar gaisuwar yana nan, amma a can ƙasan saituna, da Turanci, a manhajar da ake tallarta ga waɗanda ba sa karatu. Na cire ta gaba ɗaya na sake saukewa don in gani: da na sa lambar, komai ya dawo, har tambayar tabon manja. Ashe ba a cikin wayar abin yake ba, yana wurinsu. Sai a lokacin na karanta dogon rubutun. Ya ce suna ajiye abin da aka faɗa, kuma suna iya ba abokan hulɗarsu. Na cire ta na bar ta a cire.

Kafin magariba saƙo ya shigo wayar, tallar maganin wannan larura, da sunanta ɓaro-ɓaro. Na goge. Da safe wani ya shigo. Baba Isiya ba ya karanta boko, duk saƙon da ya shigo miƙa wa na kusa da shi yake yi a karanta masa, a masallaci ne ko a bakin kasuwa.

Goggo ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ajiye mini tuwon dawa da miyar kuka a bakin ƙofa, na gaishe ta ta amsa da "lahiya" ba ta dube ni ba.

Mai shagon caji, wani magidanci da ake kira Ɗanjuma, shi na tambaya ko ya san yadda ake gogewa. Ban faɗa masa dalili ba. Ya juya wayar ya ce shi caji ya sani. "Amma masu abin suna kahwa rumhwa kasuwar Shinkahi ran Alhamis, suna raba huluna. In kina da ƙarhin hali ki tahi ki tambaye su." Ya faɗa yana dariya, don ya ga yadda nake magana ƙasa-ƙasa.

Ban taɓa zuwa Shinkafi ba. Ban taɓa shiga motar da ba a gaya wa direbanta inda za a sauke ni ba. Na roƙi Baba Isiya ya bar wayar a wurin ƙaramar 'yarsu, wadda ta yi sakandare, na ce gwajin ne ya buƙaci haka. Ita kuma na ce duk saƙon da ya shigo daga baƙuwar lamba ta goge ba tare da ta buɗe ba. Ya amince da sauri, bai tambayi komai ba. Na kira wata 'yar ajinmu, Nafisa, 'yar Shinkafi, ta ce in sauka wurin mahaifiyarta. Ranar Laraba na koma Ƙaura, ban ko leƙa makaranta ba, na hau motar Shinkafi.

Wannan hanyar ta fi ta Zurmi shingaye. A kowanne sai a leƙo a dube mu. A na uku wani jami'i ya ga littafina ya ce in buɗe. Ya ga layuka da sa'o'i da sunayen garuruwa, fuskarsa ta canza. Na nuna katin makaranta, na yi bayanin daƙiƙu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce rubutuna ya fi na malaminsu na firamare kyau, ya miƙo mini. Gaba kaɗan taya ta fashe. Muka fito muka tsaya a bakin gonar gero, kowa yana waige-waige yana yi kamar ba ya yi.

A nan na saba da wata Hajiya 'yar Nijar, mai fataucin atamfa, da ke zuwa kasuwar duk mako biyu. Ita waya salula take ce mata. Ta ga ina share ido ta ce, "Ke 'yar lakkal," wato 'yar makaranta, "mi ya hwaru?" Na ce wata manhaja ce ta tona asirin wata, ni na jawo. Ba ta tambayi asirin ba, na ji daɗin haka. Ta kwance bakin mayafinta ta nuna mini ɗan ƙulli. Layin waya ne a ciki.

"Salula ta gida ce, kowa shi taɓa. Wanga kuwa nawa na. In zan yi maganata in sa shi, in na ƙare in cire in ƙulle. Can wajenmu mata da yawa haka muka yi."

Na ce wannan manhajar ko an cire layi tana riƙe da maganar a wurinta.

Ta riƙe haɓa. "To wagga ba salula ba ce, maƙwabciya ce."

Mahaifiyar Nafisa ta karɓe ni kamar ta shekara da sanina. Ta ba ni dambu da zogale, ta ce in ban cinye ba za ta kira Nafisa ta ce ƙawarta mai raini ce. Gidansu kusa da hanyar kara yake, wato kasuwar dabbobi, tun yammacin Laraba ake jin kukan shanu da raƙuma ana shigowa da su. Na zauna na rubuta tambayoyina guda huɗu a shafi na daban, na yi ta maimaita su a raina don kada su gudu in na tsaya gaban mutane.

Kasuwar Shinkafi ta fi ƙarfin bayanina. Sau biyu na ɓace, sau ɗaya na tsinci kaina a tsakiyar masu awaki, wani dillali yana tambayata ko tunkiyar layya nake nema tun yanzu. Lasifika ce ta kai ni rumfar. Ruwan ɗorawa ce, an rataye huluna masu sunan Tsani. Wani saurayi mai baki kamar rediyo yana riƙe da makirufo, ya haɗa wata waya da lasifikar, yana kiran mutane su zo su tambayi farashin shanu a Legas. Duk wanda aka sauke wa manhajar a ba shi hula. Mutane sun yi dafifi, kuma ban ga laifinsu ba, nima haka na yi ɗoki.

Na bi layi. Da aka zo kaina ya miƙo hannu zai karɓi waya, na ce tambaya na zo yi.

"Bismillah, Malama 'yar boko. Ga ta da littafi, ko jarrabawa za a yi muna?" Aka yi dariya.

"Yaya ake goge abin da mutum ya tambaya?"

"Ƙara murya, Malama."

Na ƙara. Ya ce a cire manhajar kawai. Na ce na cire, na mayar, komai ya dawo, ƙarfe uku da minti goma na ranar Talata. Ya ce to a shiga saituna. Na ce saitunan shafi biyar ne, na karanto masa sunan kowanne daga littafina, na ce ya nuna mini a wanne yake. Ya fara danne-danne. Ya daina murmushi.

"Malama, ai ba matsala ba ce. Wayarki ce, sirrinki ne. An yi ta ne kowa da wayarsa."

"A wane gari?"

"Na'am?"

"A wane gari ne kowa da wayarsa? Gidan da na fito mutum goma sha ɗaya ne da maƙwabta biyu a kan waya ɗaya. Wata baiwar Allah ta tambayi larurarta a ɗaki, da safe abin nan ya karanta a zaure gaban surukinta."

Na ji wani daga baya ya ce, "Subhanallahi." Saurayin ya sauke makirufo ya ce, "To ai wani abin alheri ne. Yanzu an sani, sai a kai ta asibiti."

Ban san daga ina maganar ta fito mini ba. Na ce, "Ita ke da ikon faɗa, ba wayarku ba. Kana amfani da Tsani a taka wayar? Ba wannan ta talla ba, ta aljihunka."

"Sosai ma."

"To haɗa ta da lasifikar nan ka buɗe. Mu ji abin da ka tambaya jiya."

Wurin ya fashe da ihu. "Haɗa! Haɗa mu ji!" Wani mai shanu ya ce, "Yaro, in farashin shanu ne ai ba kunya." Saurayin ya dafe aljihunsa da hannu kamar za a ƙwace. Bai haɗa ba. Wani dattijo da aka gama sauke masa manhajar ya cire hular daga kansa ya ajiye a kan tebur, ya miƙa wayarsa ya ce, "Hidda min ita. Matana ukku ka taɓa wayag ga." Mutum biyar ko shida suka bi bayansa. Sauran suka tsaya da hulunansu, wasu ma sababbi suka shiga layi. Ba zan ce muku na tashi kasuwa ba.

Wannan ita ce tsawar da aka ba ku labari.

Da mutane suka ragu ya kira ni gefe. Muryarsa ta koma ta mutum. Ya ce shi ɗan Gusau ne, kwana biyu aka koya musu aikin, kuma wallahi ba a taɓa nuna musu wurin gogewa ba. Ya kira ogansa a gabana. Ogan ya ce a rubuto musu imel da Turanci, za a duba. Na zauna a kan bencin rumfar tasu na rubuta, na sa lambar gidan, na nemi su goge komai su daina turo saƙo. Na nuna wa saurayin ya ga na aika. Yau kwana goma sha tara, ina dubawa safe da yamma. Amsa ɗaya ta zo, ta na'ura, tana gode mini da na zaɓi Tsani.

Ranar Juma'a na koma Zurmi, ta Ƙaura kuma, hannuna babu komai. A mota na yi ta shirya yadda zan ce wa Goggo na kasa.

Na tarar an canza layin wayar. Ƙaramar 'yarsu ta gaya mini: ranar Alhamis Baba Isiya ya karɓi wayar ya fita, ya dawo da sabon layi. Ya ce tsohon ba ya kama sabis. Lambar da ya shekara goma sha biyu da ita, wadda duk abokan cinikinsa na hatsi suka haddace, wadda ɗansa ke kira daga kudu. Tun ranar yake bi gida-gida yana ba da sabuwa. Sabis ɗin tsohon layin lafiyarsa ƙalau, yana cikin littafina, sanda uku a tsakar gida. Ya kuma ce wa Goggo ranar Litinin zai shiga Gusau duba wani abokinsa, in tana so ta raka shi ta gaida 'yan'uwa. Ba ta da kowa a Gusau sai babban asibiti. Haka suka yi maganar, ba wanda ya ambaci komai.

Saƙonnin sun tsaya. Amma tambayar tana can inda take, a wurin mutanen da ba su san Goggo ba, ba su san mene ne suruki ba. Malam Bala kuma ya ji abin da ya ji.

Bayan la'asar na same ta tana tankaɗe a bayan ɗaki. Na durƙusa. Na ce mata na je har Shinkafi, na gaya mata abin da aka yi a rumfa, na ce ban iya gogewa ba, kuma mai yiwuwa ba za a taɓa gogewa ba. Na ce na gaya mata babu wanda zai ji alhali ban duba ba, wannan laifina ne ba na waya ba. Ta ci gaba da tankaɗe.

Sannan na faɗi abin da ya fi mini nauyi. Na ce aikina na makaranta yana nan, daƙiƙu sun cika littafi, in na miƙa su kaɗai za a ce Tsani ta yi kyau, kuma ba ƙarya ba ne. Amma ina son in rubuta abin da ya faru a zaure, malamai su karanta, ƙawayena su karanta, duk mai niyyar sauke ta a wayar gida ya sani. Na ce ba zan rubuta harafi ɗaya ba sai ta yarda. In ta ce a'a, in yaga shafin a gabanta.

Ta buga rariya a tafin hannunta, ta zubar da tsakin a kwano. Sannan ta ɗago, karo na farko tun ranar Talata ta dube ni cikin ido.

"Ke kinka tsaya gaban maza cikin kasuwa? Ke Ma'u, da ba ki iya tambayar gishiri?"

Na ce ni ce.

"To rubuta. Rubuta abin da ta yi, kar ki rage mata komi, ki sa sunana in kin so, ba ni na yi abin kunya ba. Amma abin da na tambaya, wannan nawa na. Ita ta hwaɗa ba da izinina ba. Ke kar ki zama ta biyu."